Magen da take numfashi da sauri, me ke faruwa a ƙirjinta?

Muzurun Hajiyarmu ne ya koya min ƙirga numfashin mage. Ƙato ne ja mai farin wuya, ya shekara 5 a gidan, irin waɗanda da an idar da isha'i sai kan katanga, ba ka sake ganinsa sai da asuba ya dawo da yakushi a kunne. Cikin bazarar bara kawai ya daina fita. Ya samu gindin randa ya lafe, mu kuma muka ce zafi ne, dama wa ba ya neman sanyi a watan Afrilu. Abinda ban lura da shi da wuri ba shine yanayin kwanciyar tasa, ba ya naɗewa kamar gammo yadda ya saba, ba ya miƙewa ta gefe, durƙusawa yake yi a kan ƙirjinsa ya ware ƙafafun gaba ya miƙa wuya, cikinsa na ta shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Hajiya ta ce "kai ku ƙyale shi ya huta, in rana ta yi sanyi zai tashi." Kwana 3 muna jiran rana ta yi sanyi. Ran na 4 na kira wani likitan dabbobi a waya, ina ta zuba masa bayani ya katse ni, ya ce "Malam tsuguna kusa da shi, kar ka taɓa shi, ka ƙirga min sau nawa haƙarƙarinsa yake ɗagawa a minti ɗaya." Na ƙirga 68. Ya ce in taho da shi yanzu, kar in tsaya neman wani abu.

Toh bari mu fara da lissafin, dan shine abinda kowa zai iya yi a gida ba tare da ko sisi ba. Lafiyayyar mage da take kwance tana hutawa, numfashinta tsakanin 15 ne zuwa 30 a minti. In barci ya yi nisa ma yawanci ba ya kaiwa 30, da yawansu 20 da ƴan kai ne ko ƙasa da haka. Ƙirji ya ɗaga ya sauka ɗaya kenan, ba biyu ba, a nan mutane suke ruɗewa su ninka lissafin. Ka ƙirga na daƙiƙa 30 sai ka ninka biyu. Amma kar ka ƙirga lokacin da kake shafa ta tana wannan gurrr ɗin na maƙogwaro, kar kuma ka ƙirga ta gama tsere da ƙadangare, ko ƴar ƙarama ce tana mafarki ƙafafunta na motsi, duk waɗannan suna ɓata lissafi. Lokacin barci mai nauyi shine gaskiya. In ka gwada sau biyu sau uku tana barci kullum yana haura 30, ta ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu ko da tana ci tana wasa. In tana kwance ba ta yi komai ba ya haura 40, yau ne ba gobe ba. In kuwa bakinta a buɗe yake tana jan iska alhali a kwance take, wannan ba a jira da shi ko awa ɗaya.

Na san wani zai ce ai kare kullum harshensa a waje yake yana haki kuma lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ne, amma kare daban mage daban, kuma wannan kwatancen ya halaka maguna da yawa. Shi kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, halittarsa ce. Ita mage ta hanci take numfashi, sanyaya jikinta kuma da lasar gashinta take yi yawun ya bushe ya tafi da zafi, sai ɗan gumin tafin ƙafa, sai neman inuwa ta kwanta ta daina motsi. Asalinta ma kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce, jikinta ya san zafi. Saboda haka ranar da ka ga ta buɗe baki, toh duk dabarun da take da su sun ƙare ne.

Ga kuma abinda ya fi ba ni tsoro da sha'anin mage, wato ɓoye ciwo. Ita ƙaramar dabba ce, a daji tana farauta ana kuma farautarta, wadda ta nuna rauni ita ake ci, sai ta taso da halin shanyewa. In numfashi ya fara yi mata wuya ba kuka take yi ba, rage motsi take yi. Ta daina hawa katanga, ta daina bin ka kicin, ta ƙara barci, ta shige ƙarƙashin gado, mu kuma sai mu ce ta girma ne ta yi hankali ko ta yi ƙiwa. Da yake ba ta motsi iskar da take samu tana isar ta, sai ciwon ya yi ta tafiya a ɓoye sati biyu sati uku, ranar da ko a kwance iskar ba ta isa ba ita ce ranar da muke gani, mu ce wai farat ɗaya abin ya zo. Ko gurrr ɗin nan da muke ɗauka alamar jin daɗi ce, mage tana yin sa tana cikin azaba, tana yin sa ma dab da mutuwa.

Ba kowane saurin numfashi ne tashin hankali ba, kar in tsorata masu sababbin maguna. Ƴar kyanwa da ta yi ta tsalle da igiya za ta iya ɗan buɗe baki, wadda aka saka a kwali aka hau da ita babur za ta yi haki dan tsoro, mai naƙuda ma tana yi, har bayan ta haihu na ɗan lokaci. Ma'aunin dai shine ya lafa. A ajiye ta wuri mai sanyi ba hayaniya, in cikin minti 5 zuwa 10 ta rufe baki numfashin ya dawo daidai, shikenan. Ita mai jego in an kwana an wuni tana yi, ga zazzaɓi ko wani ruwa mai wari yana fita ko jiki na rawa, a duba, wataƙila wani ɗan ko mabiyiya ta maƙale a ciki.

Abinda nake so a fahimta shine saurin numfashi shi kansa ba cuta ba ne, jiki ne yake cewa iska ba ta ishe ni ba. Ita kuma iskar kafin ta yi amfani sai ta bi hanci da maƙoshi, ta ratsa ƙananan bututun cikin huhu, huhun ya samu wurin buɗewa a cikin ƙirji, jini ya ɗauke ta, zuciya ta tura jinin ko'ina. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan hanyar, abinda idonka zai gani ɗaya ne, haƙarƙari na ɗagawa da sauri. Shi yasa ba na yarda da wanda zai kalli bidiyo a WhatsApp ya ce sanyi ne ya kama ta a ba ta kaza. Cuta goma suna da fuska ɗaya, kuma maganin wata guba ne ga wata.

Na fara da hayaƙi dan shine ya fi shafar gidajenmu. Mage tana yin asma kamar mutum, ana ƙiyasta cikin 100 akwai 1 zuwa 5 masu ita, bututun huhu su kumbura su tsuke su cika da majina, iska ta shiga da ɗan sauƙi amma fitar da ita ya zama aiki, sai ka ga tana matse ciki tana turo numfashin waje, wani lokacin da ƙara siririya kamar fito. Tarinta ma yana ruɗar mutane, sai ta durƙusa ƙasa-ƙasa ta miƙa wuya tana kakari kamar za ta amayo gashi amma ba abinda yake fitowa, a ƙarshe ta haɗiye ta tashi. Yanzu ka duba ɗakin da take kwana. An kunna turaren wuta a kasko an rufe ƙofa dan ƙamshin ya kama labule, da dare an kunna igiyar leko an ajiye a ƙasa, ga hayaƙin janareto yana shigowa ta taga, ga gawayi, in hunturu ne ga hazo da ƙurar da take kwanciya kan komai, wasu ma yashin da suke zuba mata na kashi ƙura ne zalla. Kai hancinka yana sama, kuma in ya dame ka ka fita. Ita hancinta bai fi taƙi ɗaya daga daɓe ba, abinda ya sauka kan gashinta kuma sai ta lashe. Ba cewa nake a daina turare ba, amma dan Allah a fitar da ita kafin a kunna, a buɗe taga kafin ta dawo. Asmar mage ba a warkar da ita amma ana zama da ita lafiya shekara da shekaru, da maganin rage kumburi, akwai ma inhela da ake haɗa wa wani ɗan mazurari a kifa mata a fuska.

Muzurunmu kuwa ba asma ba ce. Da muka isa likitan bai ma fito da shi daga kwandon ba, sai da ya fara sa masa iskar oksijin ya bar shi ya ɗan nutsu, sannan ya ɗora abin sauraro ya ce daga ƙasan ƙirjin ba ya jin motsin iska sam. Ya aske gefen haƙarƙari kamar faɗin tafin hannu, ya soka allura tsakanin ƙasusuwa biyu, ya ja. Abinda ya fito kamar kunun da ya kwana, ruwan ƙasa-ƙasa, warinsa ya cika ɗakin. Sirinji babba ya cika sau 4. Wallahi ina tsaye ina kallo numfashin yake sauka, kafaɗunsa suka saki, ya kwantar da kai a karon farko cikin kwana 4. Likitan ya ce "Malam wannan ba wannan satin ya fara ba."

Bayanin shine huhu kamar balan-balan yake a cikin kwalba, in aka cika kwalbar da ruwa komai ƙarfin hurawarka ba zai buɗe ba. Sai dabbar ta koma jan numfashi gajere-gajere da sauri tunda dogon ba ya yiwuwa. Nasa mugunya ce, kuma ana yawan samun ta a muzuran da suke faɗa ko gidan da maguna suka yi yawa, ƙwayar cutar bakinsu ta samu hanya ta shiga ƙirji, haƙorin mage kuma siriri ne, ramin cizon ya rufe a kwana biyu ba ka ga komai ba alhali ciki yana ruɓa. Amma ba mugunya kaɗai ke taruwa a wurin ba. Akwai ruwan ciwon zuciya, akwai wani fari kamar madara, akwai jini, akwai na ciwon daji musamman a matasan maguna masu ɗauke da bairas ɗin sankarar jini na mage. Akwai kuma wata cuta da ake ce wa FIP, wadda ta fi kama ƴan ƙasa da shekara 2, ruwanta rawaya ne mai yauƙi, ciki ko ƙirji ya cika, ga zazzaɓi ga rama. Wani nau'in bairas ɗin korona ne na maguna kaɗai, ba ya kama mutum. Da can in aka ce FIP an gama magana, sai a 2019 Niels Pedersen da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna maganin GS-441524 yana warkar da ita in aka yi sati 12 ana bayarwa. Yana da tsada, samunsa ma aiki ne, amma dai yanzu ba hukuncin kisa ba ce.

Zuciya ita ce mai shiru a cikinsu. Ciwon da ya fi yawa shine wanda naman zuciyar yake kauri, likitoci suna ce masa HCM, bangon ya yi kauri har ɗakin da jini yake shiga ya tsuke, jini ya riƙa komawa baya, ruwa ya tsatso cikin huhu ko kewayensa. Binciken da aka yi a Ingila ya nuna kusan mage 1 cikin 7 tana da shi, mafi yawansu kuma ba sa nuna komai har tsufa. Kare mai ciwon zuciya yana tari, ita mage da wuya ta yi, wani lokacin ko likita ya saurara ba ya jin wata baƙuwar ƙara, alamar farko da ta ƙarshe shine lissafin nan na barci ya fara hawa daga 24 zuwa 32 zuwa 38. Wani lokacin kuma gudan jini ne zai ɓalle daga zuciyar ya je ya toshe babbar jijiyar da take kai jini ƙafafun baya, sai ka ji mage ta kurma ihu tana jan gindi, ƙafafun sun yi sanyi, tana haki. A nan mutane suke cewa an jefe ta ne ko ta taka wani abu, alhali zuciya ce.

Akwai wani ciwon zuciyar da shi kam daga kwanon abinci yake fitowa, kuma ina ganin ya shafe mu fiye da Turawa a yau. Jikin mage ba ya iya haɗa wani sinadari da ake ce wa taurin yadda zai ishe shi, sai ta same shi a nama, musamman zuciya da kifi, babu shi a hatsi. A 1987 ne Paul Pion ya gano rashinsa yana sa zuciyar mage ta saki ta zama kamar tsohuwar jaka, daga nan kamfanonin abincin mage suka ƙara shi, ciwon ya kusa ɓacewa a can. Mu kuwa fa? Magen tsakar gida da ake ba tuwo tana cike giɓin da ɓera da tsuntsu da ƙadangare. Amma wadda aka kulle a falo dan ƙauna, ba ta kama komai, kullum shinkafa da taliya da burodi da shayi, ko abincin kare dan ya fi araha, ita ce cikin haɗari, ido ma yana iya mutuwa da wannan rashin. Mage maciyar nama ce, ba yadda za a yi da ita.

Yanzu ga wanda yake ƙona min rai, farasitamol. Kowane gida akwai shi, kuma da kyakkyawar niyya ake bayarwa, an taɓa jikinta an ji zafi sai a ɓalli rabi a daka a ɗura mata. Na farko dai jikin mage dama ya fi namu ɗumi, digiri 38 zuwa 39 lafiya ce a wurinta. Na biyu hantarta ba ta da abinda take narkar da wannan maganin yadda tamu take yi, sai ya juye ya lalata abinda yake ɗaukar iska a cikin jini. Miligiram 10 a kowane kilo ya isa ya fara ɓarna, mage kilo 3 zuwa 4 ce, ƙwaya ɗaya kuma miligiram 500 ce, ka yi lissafi da kanka. Cikin awa kaɗan za ta fara numfashi sama-sama, dasashi ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Huhunta lafiya lau, iska na shiga, amma jinin ba ya ɗauka, ta shaƙe a tsakiyar iska. Wata maƙwabciyarmu haka ta rasa tata, farar mage mai ido biyu kala daban, da safe ta ba ta rabin ƙwaya da rana ta ƙara rabi da ta ga numfashin ya ƙaru, kafin magariba an gama. Ta yi kuka sosai, kuma ni ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa faɗa mata. Akwai makari, asitilsistin, amma sai an kai da wuri. Ibufurofen da su diklofenak ma haka, ba na mage ba ne.

Jinin zai iya ƙaranci ta wasu hanyoyin. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage a hankali, kuma wace miya ce tamu ba albasa? Ƙuma in ta yi yawa a jikin ƴan jarirai tana iya tsotse su har dasashi ya yi fari fat, akwai kuma wata ƙwayar cuta da take manne wa ƙwayoyin jinin. Shi yasa ɗaga leɓe a kalli dasashi yake da amfani in ta yarda ba da kokawa ba. Ruwan hoda lafiya, fari ƙarancin jini, shuɗi-shuɗi iska ta yanke, ruwan ƙasa a tambayi wa ya ba ta magani.

Sai guba. Shinkafar ɓera kala-kala ce, wata a awa kaɗan take kayarwa, wata kuma hana jini daskarewa take yi, mage ta ci ko ta yi ta cin ɓerayen da suka ci, kwana 3 zuwa 5 lafiya ƙalau har an manta, sai jini ya fara zuba a cikin ƙirji ba a gani. Wannan bitamin K1 ne maganinsa in an gano. Fiya-fiya kuma da ake yayyafawa a lungu, ta taka ta lashe ƙafa, sai dalala da rawar jiki da ƙwayar ido ta tsuke, huhu ya cika da ruwa. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai famitirin, a ɗiga wa mage a wuya sai jijjiga. Roƙona a nan ɗaya ne, kar a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri. Dabbar da take kokawa da numfashi ba ta iya haɗiya daidai, manjan huhu zai tafi, an ƙara mata wani ciwon a kan wanda take ciki. A ɗauki kwalbar ko ledar gubar a tafi da ita wurin likita, sunan da ke jiki shine zai gaya masa makarin.

Magen da take fita kuma kullum a sa buguwa a lissafi ko da ba jini a jikinta. Babur ya ture ta, ta faɗo daga bene, yaro ya jefe ta ko an maƙe ta da ƙofa. Huhu yana iya ƙujewa daga ciki, iska tana iya tsiyaya ta taru a ƙirji, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana iya yagewa hanji da hanta su haura su danne huhu, kuma wannan na ƙarshen wata mage tana yawo da shi wata da watanni kafin a gane. In ka ga faratanta sun farfashe kamar an goga a kwalta, alama ce mota ko babur ya ja ta. Zafin ciwo kaɗai ma yana sa numfashi sauri.

Sauran zan bi su da sauri. Murar maguna tana toshe hanci da ido har ta buɗe baki dole, in ta sauka ƙirji ta zama namoniya. Akwai tsutsar huhu da take samu ta cin ƙadangare da kwaɗo da tsuntsun da suka ci dodon koɗi, akwai tsutsar zuciya da sauro yake ɗauka. Tsohuwar mage da take ci kamar me amma tana ramewa, a duba maƙoƙonta, shi ma yana wahalar da zuciya. Masu kiwon kaji kuma kar a jefa wa mage mushen kaza, murar tsuntsaye H5N1 da aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna a Fabrairun 2006 tana kama maguna, a 2023 ta kashe da dama a ƙasar Folan. Su kuma magunan da ake ce wa ƴan Fasha (Persian) masu shafaffiyar fuska da ake yayi yanzu, hancinsu dama a matse yake tun haihuwa ga gashi kamar bargo, zafin da magen gida za ta shanye su zai iya kayar da su. A Sakkwato ko Maiduguri da zafi yake haura digiri 43, ɗakin kwano a rufe an ɗauke wuta, ko mota a rana ko da minti 10 ne, ya isa. In zafin ne ya buge ta a jiƙa mata tafin ƙafa da kunne da ciki da ruwan famfo, ba na ƙanƙara ba, a yi mata fifita, a kama hanya.

Kama hanyar ma da yadda ake yi. Magen da numfashi ya sarƙe mata a bakin rami take, tsoro kaɗan zai tura ta. Kar a bi ta da gudu, kar a cafke ta a ƙeya, kar a rungume ta a ƙirji ana jijjigawa, kar a kwantar da ita rigingine ana duba ciki, kar a saka ta a buhu. A kawo kwali ko kwando mai huji, a lallaɓa ta shiga, a bar ta ta zauna yadda ta zaɓa dan wannan durƙuson shine yake ba ta iska, a yafa ƙyalle marar nauyi ta daina ganin mutane, yara su matsa. In da hali a ɗauki bidiyon daƙiƙa 30 kafin a taɓa ta, likita zai ga numfashin na gaskiya ba na tsoron asibiti ba. A kira kafin a je a tambaya ko suna duba ƙananan dabbobi kuma akwai oksijin, tunda wurare da yawa a wajenmu sun fi sabawa da shanu da awaki da kaji. Asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'o'i, kamar na ABU Zariya da na Sakkwato da na Maiduguri, suna da ɓangaren karnuka da maguna.

Kar kuma ka ji haushi in likita bai yi saurin danne ta ya ɗauki hoton ƙirji ba, wanda ya san aikinsa iska yake fara bayarwa, wani lokacin da ƴar allurar kwantar da hankali, hoto da sikanin sai ta dawo hayyacinta. Kuma a nan ne za ka ga dalilin da yasa cinke yake da haɗari. Mai ruwan zuciya a huhu allurar fitsari take buƙata, in aka ɗaura mata ƙarin ruwa an nutsar da ita. Mai asma maganin kumburi take buƙata, amma shi wannan maganin in aka ba mai ɓoyayyen ciwon zuciya yana iya tayar da shi. Mai mugunya a ƙirji kuma ko wane irin maganin ƙwayoyin cuta aka ba ta, in ba a zuƙe ruwan ba aikin banza ne.

Muzurun ya kwana 6 a can da ƴar roba a gefen ƙirji ana wanke masa ciki safe da yamma, ya dawo gida ya yi sati 5 yana shan magani, aka kuma yi masa fiɗiya dan ya rage faɗan dare. Gashin wurin askin ya fito ya ɗan fi sauran duhu. Yanzu a bayan kalandar ɗakin Hajiya akwai layin lambobi da biro, ita da kanta take sa jikarta ta ƙirga mata duk Juma'a bayan azahar in ya miƙe a kan tabarma, ta ce "ke zo ki duba min mutumin nan." Na wannan satin 22 ne.